Kunnuwan Sun-Iso

A kamfanin jigilar kayan da ke bayan tashar manyan motoci, ba mai kiran mutumin da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sun-Iso ake ce masa, tun daga manaja har masu dako, kuma aikinsa ne ya jawo masa sunan. Idan jirgin ruwa ya kawo kayan 'yan kasuwa, tirela ta ɗauko kwantena ta sauke a siton kamfanin, shi ne mai buga takardar sanarwa: sunan mai kaya, lambar kwantena, ranar da kayan suka sauka, da wa'adin da aka ba mutum ya zo ya kwashe kafin a fara caje shi kuɗin ajiya. Ya buga hatimi, ya miƙa wa masinja. To amma takarda takan kwana a hanya, wani lokaci ma a kai ta shagon da ba na mai ita ba, don haka sai ya bi ta da waya. Da an ɗauka, an gama gaisawa, maganarsa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, kayanka sun iso."

Yana saurayi siriri ya shigo kamfanin. Aka ba shi tebur a lungu, jikin bangon da janareta ke ruri a bayansa, tagarsa kuma tana kallon ƙofar sito inda motar ɗaga kaya ke kai da komo tana buga ƙarafa. Manajan wancan lokaci ya ce ya yi haƙuri da wurin kafin a samu wani. Manajoji suka zo suka wuce, furfura ta fito masa, ba a samu wanin ba, shi ma ya daina tambaya.

Yana son aikinsa, ba ya kuma ɓoyewa. Sauran ma'aikata su ke fama da fushin mutane, su ce jirgi ya makara, su ce kwastan sun riƙe kaya. Shi kuwa labarin daɗi kawai yake kaiwa. Mutum ya zuba abin da ya mallaka a kaya, ya yi wata da watanni yana barci da ido ɗaya, sai ya ji muryar Sun-Iso a waya ya sauke ajiyar zuciya. Ga shi da kunne a wancan zamani. Sallama kaɗai za ka yi ya san ko wane ne kai, ya san ko mura ke damunka ko daga barci ka tashi.

A cikin masu hulɗa da kamfanin akwai wani ɗan kasuwa da ake kira Mai Tayoyi, ƙaton mutum mai barkwanci, wanda tun yana shigo da 'yan tayoyi kaɗan a gefen kwantenar wani suka saba. In Sun-Iso ya kira shi, sai ya ce, "Kai, Allah ya bar mana kai! Wallahi uwargida ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗin taka ba."

"To ai sai a ba ni ɗakinta, in tare."

"Ka iya girki?"

"Na iya ci."

Haka za su yi ta yi har manaja ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau.

Matar Sun-Iso tela ce, a gida take ɗinki. Dangin miji suka sa mata Sanyi, don in tana magana sai ka matso kusa, kamar tana tsoron kada ta tashi wani daga barci. Masu kawo ɗinki sukan ce mata, "Me kika ce?" sau biyu sau uku. Mijinta bai taɓa cewa haka ba. Yana tsakar gida tana can ƙuryar ɗaki za ta ce wani abu, ya amsa. Yakan ce mata, "Ni kaɗai aka yi wa kunnen jin ki, shi ya sa aka ba ni ke." Ta yi murmushi ta ci gaba da taka kekenta. Haihuwa ba ta yi musu yawa ba, 'ya ɗaya ce ta tsaya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta girma, ta zama malamar makaranta, aure ya kai ta wani gari.

Kunnen hagu ne ya fara, wanda yake ɗora wa waya. Da fari laifin wayar ya gani. Ya sa aka canza igiya, aka canza kan wayar gaba ɗaya, abin bai sauya ba. Sai ya mai da ita kunnen dama, ya koyi rubutu yana maƙale da ita a kafaɗa. Aka yi 'yan shekaru a haka. Daga baya na daman ma ya soma yi masa wani tsiii da ba ya ɗaukewa, muryoyin mutane suka koma kamar ana magana cikin randa.

Bai gaya wa kowa ba. Ko Sanyi bai gaya wa ba, sai dai ita ta daina yi masa magana daga ɗaki. In tana da abin faɗa sai ta taso ta zo gabansa. A ofis kuwa ya ƙirƙiro dabararsa. Tunda ya san abin da zai faɗa, ya kuma san abin da mutane suka saba amsawa, sai ya faɗi nasa, ya ɗan saurara, in ya ji gunaguni ya tsaya ya ce, "To madalla, sai kun zo." Kusan kullum hakan yakan dace. Zamani ma ya taimake shi, don an kawo kwamfuta, sanarwa tana shiga wayoyin mutane a rubuce, kiran nasa ya zama na girmamawa kawai ga tsofaffin abokan hulɗa da suka ce su sai sun ji murya.

Wata safiya kwantenar Mai Tayoyi ta sauka. Sun-Iso ya buga sanarwa, ya ɗauki waya da murnarsa, don sun kwana biyu ba su yi ba'a ba. Aka ɗauka. Ya ji dai muryar ba ta kai ta abokinsa kauri ba, ya ce a ransa babban ɗan ne, mai zama a shago.

"Yaya kasuwa? Ka ce wa Babanku kayansa sun iso."

Muryar ta yi magana, doguwa, tana tsayawa tana ci gaba. Sun-Iso ya danna wayar a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa, bai kama ko kalma ɗaya ba. Da ya ji an yi shiru sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To madalla, madalla, haka muke so. Ka ce masa ya daina lalaci ya taso ya kwashi kayansa, sun cika mana wuri." Ya ajiye waya, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan 'yan kwanaki ya ɗago kai ya ga ɗan Mai Tayoyi tsaye a gaban teburinsa, idanunsa jawur. Mutumin bai zauna ba. Ya yi magana da ƙarfi, ƙarfin da har masu dako suka leƙo ta taga, kuma wannan karon Sun-Iso ya ji komai, don yana kallon bakinsa.

"Baba, me mahaifina ya yi maka? Na ce maka ya rasu, yanzu muka dawo daga binne shi, ka ce mini madalla, haka kuke so? Har da dariya? Mutumin da ko a gadon asibiti sai da ya tambaye ka?"

Sun-Iso ya miƙe, ya koma ya zauna. Da kyar ya ce, "Ɗana, ban ji ba." Ya nuna kunnensa da yatsa. "Wallahi ban ji ba. Na daɗe ba na ji."

Ɗan Mai Tayoyi ya tsaya yana kallonsa. Fushin da ya ɗauko tun daga gida ya rasa inda zai sauke shi. Ya ja kujera ya zauna, ya sunkuyar da kai, su biyun suka yi ta hawaye, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Da yamma Sun-Iso ya je gidan ya yi gaisuwa. Ya zauna a cikin mutane yana ganin bakuna suna motsi, yana amsa amin a inda ya ga wasu sun shafa fuska. Da ya koma gida ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Sanyi ta zo ta durƙusa a gabansa, ta ɗago fuskarta yadda zai ga bakinta.

"Malam, na sani tuntuni," ta ce. "Ina jira ne ka faɗa da kanka."

Manajan lokacin yaro ne a kansa, kuma bai yi masa wulaƙanci ba. Ya rubuta masa a takarda cewa daga yau ya bar waya, ya riƙa buga sanarwa kawai yana jera fayil. Aka ɗauke wayar daga teburinsa, wurin da ta zauna ya bar alama a jikin katako. Uwata ta zo ta kai shi asibiti. Likita ya leƙa kunnuwan, ya tambayi inda yake aiki, da aka gaya masa zancen janareta sai ya girgiza kai ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tallafa wa ragowar. Aka saya masa ɗan abin ji da ake maƙalawa a bayan kunne.

Abin ya taimaka, amma bai so shi ba. Yakan yi masa fito ba gaira ba dalili, ya ƙara wa ƙarar cokali da ta babur ƙarfi fiye da muryar mutum, ga shi yana cin batir. A ofis yakan daure ya sa. Ya lallaɓa a haka har lokacin ajiye aikinsa ya yi. Ranar sallama aka taru a bakin sito, manaja ya yi jawabin da bai ji rabinsa ba, aka ba shi agogon bango, masu dako suka ɗaga hannu suna kiran sunansa. Wannan kam ya gane shi a bakinsu.

Zaman gida ya zo masa da wani abin da bai zata ba. Sanyi, wadda tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta shiga koyon ihu da tsufanta. Ranar farko da ta ƙwala masa "Malam, abinci!" sai ga maƙwabciyarsu, matar wani direba, ta shigo da gudu mayafi a hannu, wai ta zo rabon faɗa. Sanyi ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma ihun yana sa ta tari, don haka suka koma wata hanyar. In ta taɓa kafaɗarsa sau ɗaya, abinci ne. In ta ja hannun rigarsa, baƙo ya zo. In ta zo ta zauna kusa da shi ba ta taɓa komai ba, hira take so, sai ya juyo ya zuba wa bakinta ido. Ya ƙware a karanta bakinta har ya fi jin ta a haka a kan da abin kunne. Da ya shigo gida sai ya cire shi ya sa a aljihu, ya ce kansa ya huta. Idonta ya fara rauni, shi yake zura mata zare a allura. Yakan ce, "Ke ba ido, ni ba kunne, in aka haɗa mu an samu mutum guda."

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana zafi. Fankar ɗakinsu ta tsaya, ya kwance ta ya baje a tabarma a ɗakin gaba, ya ba ƙofa baya yana goge ƙura daga cikin injin. Sanyi ta taɓa shi ta nuna masa bokiti, alamar za ta yi wanka. Ya gyaɗa kai. Ya ci gaba da aikinsa cikin natsuwa, ya sa mai, ya ɗaure kusoshi, ya juya fukafukan da yatsa ya ga suna tafiya sumul. Har yana jin daɗin zai nuna mata.

Inuwa ce ta faɗo a kan tabarmar. Ya waiga ya ga matar direba a tsakar gidansa, ba takalmi, gwiwarta ta kuje tana jini. Ya dubi ƙofar gida, tana nan a sakace yadda ya bar ta. Ta katanga matar ta hauro. Bakinta yana motsi da sauri, bai kama komai ba, sai ta fizgi hannunsa ta ja shi.

Sanyi tana kwance a bakin banɗaki, rabin jikinta a waje, ta jawo zane ta rufa da hannu ɗaya. Ruwan bokitin ya malale, har gefensa ya fara bushewa a siminti. Idonta biyu. Da ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin magana, ya durƙusa ya zuba wa bakinta ido kamar yadda ya saba, amma bakin ya karkace gefe ɗaya, ba ya yin siffar kowace kalma da ya sani.

A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Wani likita ya tambayi tun yaushe ta faɗi. Sun-Iso ya ce bai sani ba. Likitan ya rubuta a takarda. Uwata ta iso washegari. Ya zauna a gefen gadon da abin jinsa a kunne, ya murɗa shi har ƙarshe, yana jin ƙarar takalman ma'aikata da kukan ƙafar gadon da ake turawa a can nesa, amma abin da matarsa take faɗa ya gagare shi. Takan kama hannunsa da hannunta mai lafiya, ta yi ta motsa baki, ta dube shi tana jira.

"Uwata, me take cewa?"

"Baba, ni ma ban gane ba."

Sai ya sunkuya ya ce, "Na'am, ina ji." Da ya faɗa sau ɗaya ya tuna inda irin wannan amsar ta taɓa kai shi, bai sake ba. Ya koma ce mata gaskiya: "Ban gane ba, Sanyi. Ki yi haƙuri. Sake faɗa." Ta sake, ta sake, har ta gaji ta rufe ido. Ba ta cika mako ba, wata safiya yana goge mata fuska da tsumma mai ɗumi ta cika.

Bayan mutane sun watse, Uwata ta zauna da shi 'yan makonni. Ta lura ya daina cire abin kunnen. Da shi yake wanka in ba ta hana ba, da shi yake kwana, har bayan kunnen ya yi gyambo. Cikin dare ko da rana, in ya ji wani motsi sai ya zabura ya bi ɗakuna yana leƙawa. Ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai ba, sai ya bi ta. Ya yi gardama kwana biyu, ya ga ita ma kukan take ɓoyewa, ya ce to.

Ranar tafiya aka kawo mota aka ɗora gado da akwatuna. Keken ɗinkin ya ce a bar wa matar direba. Da aka kai mata, ta fito bakin ƙofa tana godiya tana share ido. Ya ce wa Uwata ta je mota yana zuwa. Ya tsaya a gaban matar, ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"'Yata, tambayarki zan yi, don Allah ki dube ni in za ki amsa. Ranar nan, ta daɗe tana kira?"

Matar ta dubi ƙasa. Ya jira har ta ɗago.

"A'a, Baba. Ba ta daɗe ba. Ina ji na taho."

"Kin buga ƙofa?"

"Na buga."

"Da ƙarfi?"

Ta kama bakin mayafinta ta toshe baki. Shekarun da ya yi yana karanta fuskoki sun ishe shi ya gane amsar farkon ma tausayi ne. Bai matsa mata ba. Ya ce, "Allah ya saka miki. Ki riƙa sa wa keken mai, ba ya son a bar shi a zaune."

Ya shiga gaba kusa da mai tuƙa motar, Uwata tana baya da jakar magungunansa a cinya. Da suka fito babban titi suka bi ta bayan tashar manyan motoci, ta gaban kamfanin. Wata tirela tana ja da baya za ta shiga sito, ta tare hanya, suka tsaya jira. Uwata ta taɓa kafaɗarsa ta tambaya ko zai sauka ya yi sallama da mutanensa. Ya dubi masu dakon da ke bakin ƙofa, duk sababbin fuskoki ne. Ya girgiza kai.

Yana can wurin 'yarsa har yanzu, a wani ɗaki na sama mai taga ɗaya. Mijinta mutumin kirki ne, yakan hau ya gaishe shi safe da yamma. Jikinsa da sauran ƙwari, yana cin abinci, yana sauka masallaci da ƙafarsa. Magana ce dai ya rage. A unguwar ba wanda ya san aikin da ya yi, Baban Malama kawai suke ce masa.